Ninkin Wandon Maɓalli

Shekarun da na yi ina karatu nesa da gida, duk abin da na sani game da tamowa a takarda na san shi: jadawali, layi mai hawa, layi mai sauka, da hotunan yaran da fari ya kora zuwa sansani. Don haka da na dawo aka ce in ina son in gane abin in je wurin wata tela a unguwarmu, sai na ɗauka zolayata ake yi. Unguwar ba ta ga fari ba, kasuwa cike take, kuma ban ga abin da keken ɗinki zai faɗa mini wanda littafi bai faɗa ba. Na dai je, na riƙe wani wando da ya yi mini tsawo don in sami abin fakewa. Cikin minti goma ta rage wandon. Labarin kuwa sai da ya ci mana kwana uku.

Gwaggo Mai Ninki ake ce mata. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin lungu, tsakanin mai aski da mai gyaran rediyo. Keke na kusa da taga, kwandon ƙyallaye a ƙarƙashin tebur, dutsen guga a kan guntun bulo, sai wani benci mai gajeriyar ƙafa guda wanda duk baƙo sai ya tsorata shi kafin su saba. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana taka keken nan. Wurin yayar mahaifinta ta koyi ɗinki, tun ƙafarta ba ta kai mataki sai an ɗora mata katako.

Sunan nata daga yadda take ɗinka kayan yara ya fito. Ba ta yarda a yanka wa yaro wando daidai tsawonsa. Sai ta ƙara yadi, ta ninka shi ciki sau uku a bakin ƙafa, kowane ninki faɗin yatsa biyu, kowanne da nasa zaren: na farko ja, na biyu rawaya, na uku kore. In yaro ya ƙara tsawo uwarsa ta kawo, Gwaggo ta sa reza ta tsinke jan zare, wando ya sauko. Kyauta take yin wannan, don ta ce daɗin tsinkewar ma ya ishe ta lada. Da wannan take cika baki.

“Wandona ba ya mutuwa,” in ji ta. “Sai dai a gaji da ganinsa.”

Mijinta, Baba Direba, ya daɗe da ajiye tuƙin motar haya. Gajere ne ƙwarai, har ana cewa da matashi biyu yake zama a kujerar mota. Kullum da hantsi yana kan bencin nan da kofin shayi, burodi da dafaffen ƙwai guda, yana ba Gwaggo shawarar da ba ta nema ba.

Na uku a shagon shi ne jikansu, ɗan 'yarsu ta ƙarshe da ake kira Auta. Auta tana aiki a masana'antar sabulu daga safe zuwa la'asar, don haka a shago take barin yaron. Mutanen lungu suka sa masa Maɓalli, don ɗan mitsitsi ne kuma kullum a ƙarƙashin tebur ake tsintarsa. Gwaggo kuwa angona take ce masa, abin da ke sa Baba Direba ya ce shi fa bai saki matarsa ba tukuna.

Yana da shekara ɗaya da wata biyu ta ɗinka masa wani shuɗin wando da ragowar yadi, da ninkinsa uku cif. Wata goma suka wuce. Gwiwar wandon ta koɗe, an sake masa roba sau biyu, amma jan zare na nan daram. Sai Gwaggo ta mai da yaron allon talla. Duk matar da ta tsaya tana jayayya a kan yawan yadi, sai ta sunkuya ta zaro shi daga ƙarƙashin tebur, ta tsayar da shi a kai.

“Dubi angona! Wata goma yana sa wandon nan, ko ninki ɗaya ban taɓa ba. Wannan sai ya kai shi makaranta. Je ki wurin wani telan ki ga ko za a yi miki haka.”

Matan su yi dariya, su ƙara yadi. Yaron dai ya tsaya shiru yana tsotsar biskit, ba kuka ba rigima, abin da Gwaggo ke lissafawa cikin halayensa na kirki.

Ran nan wata nas ta asibitin unguwa, wadda ake kira Mai Sikeli don ita ke awon yara, ta kawo farar rigarta da aljihu ya yage. Tana zaune a benci tana jira, Gwaggo ta zaro Maɓalli ta yi tallarta kamar kullum. Nas ba ta yi dariya ba.

“Gwaggo, shekarunsa nawa?”

“Biyu, jiya-jiyan nan.”

“Ara mini tef ɗinki.”

Gwaggo ta cire tef ɗin awo daga wuyanta ta miƙa mata. Nas ta juya shi ta gefen ƙananan lambobi, gefen da Gwaggo ba ta taɓa amfani da shi ba tunda ta saya, ta zagaya damtsen yaron na hagu da shi.

“'Yar nan, kin juya shi baibai. Kuma ba a nan ake auna hannun riga ba.”

“Ba riga zan ɗinka masa ba. Damtsensa bai kai santimita sha biyu ba, Gwaggo. Gobe da safe ki kawo mini shi.”

“Me ya same shi? Yaron da ko zazzaɓi ba ya yi? Gajarta ce ta gado. Juya ki dubi kakansa.”

Baba Direba ya ajiye kofi. “Ni kuma me na yi? Ina zaman zamana.”

Nas ta ce, “Baba gajere ne, amma dubi damtsensa.” Baba ya murɗa damtse don a gani da kyau. Ta juya ga Gwaggo, ta sassauta murya. “Ba wandon ne ya daɗe ba, Gwaggo. Yaron ne ya tsaya. In gudawa mai ƙarfi ko ƙyanda ta same shi a haka, ba shi da abin da zai yi faɗa da shi.”

Gwaggo ta gama ɗinka aljihun, amma a karkace ta ɗinka shi, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Da azahar ta rufe shago ta tafi gida. A ƙasan akwatinta akwai wata 'yar riga mai fure, ta 'yarta ta biyu, wadda ta rasu tana da shekara biyu da 'yan watanni bayan ƙyanda da gudawa. Shekara ashirin da shida tana ajiye da rigar, takan ɗauko ta ta shinshina ta mayar. Ranar ce kaɗai ta juya bakin rigar ta duba. Ja, rawaya, kore, duka ukun suna nan. Ta zauna a bakin gado ta shiga tuno wandunan da ta ɗinka cikin shekarun nan, waɗanda ba a taɓa dawo da su a tsinke ba. Da, ta ɗauka iyayen ne suka canja tela.

Washegari tun kafin a buɗe asibiti tana bakin ƙofa, Maɓalli a baya, Auta da ta nemi izini a wurin aiki tana gefe, Baba Direba na biye da su da lema ko da yake babu hadari.

Sikelin na rataye ne, ana zura yaro cikin wani wando mai igiya a ɗaga shi. Gwaggo na ganin wandon nan ta manta abin da ya kawo ta.

“Wane maƙiyin Allah ne ya ɗinka wannan? Ko bin ɗinkin sau biyu bai yi ba! Yaro mai nauyi ai sai ya ɓarke da shi.”

“Ki kawo mana mai nauyin tukuna,” in ji nas.

Sai kuma nas ta ɗauko nata tef ɗin na asibiti, mai launi uku: ja, rawaya, kore. Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce an sace mata fasaha, kuma a gaya mata wanda za ta kai ƙara. Damtsen Maɓalli ya faɗa a rawaya, dab da ja. Aka kwantar da shi a kan allon awon tsawo, nas ta ɗiga alama a kati, can ƙasa da layin da ya kamata.

Daga nan aka shiga tambayoyi. Me yake ci da safe? Shayi da biskit. Da rana? Abin da aka dama, tsararo, don kada ya shaƙe shi. Da yamma? A faranti ɗaya da 'ya'yan yayyen Auta su biyar, waɗanda babbansu ke da shekara tara da hannu kamar shebur. Gudawa fa? Auta ta ce yakan yi, amma ta haƙori ce.

“Sau nawa haƙoran suka fito bana?”

Auta ta ƙirga a yatsu. “Sau shida.”

“Ƙwai fa, ana saye a gidan?”

“Kullum,” in ji Gwaggo. “Guda ɗaya.”

“Wa ke ci?”

Gwaggo ta juya, Auta ta juya, nas ta juya, har wata mata da ke layi ta juya. Baba Direba ya buɗe lemarsa a cikin ɗaki.

Aka ba su maganin tsutsar ciki da wani garin ƙarin abinci a leda. Nas ta ce a ba shi nasa kwanon shi kaɗai, sau biyar a yini, mai kauri, da ƙwai, da wake, da gyaɗa, da kifi in an samu, da cokalin mai a ciki. A tafasa ruwan shansa, a wanke hannu. Duk wata a dawo awo.

Gwaggo ta ɗauki maganar nan kamar an ba ta kwangilar kayan makaranta guda. Washegari ƙwai ya bar hannun Baba ya koma ƙaramin kwano.

“Shekara arba'in ina cin ƙwai a gidan nan,” in ji shi.

“Shekara arba'in ɗin, ko inci ɗaya ka ƙara? A ba wanda zai yi amfani da shi.”

Sai dai angon ya ƙi ci. Ya saba da biskit, cikinsa kuma ya saba da kaɗan. In an kai cokali ya kau da kai, in an matsa ya tofar a kan yadin mutane. Gwaggo ta yi waƙa, ta yi rawa, ta yi barazanar za ta rabu da ango ta koma wurin Baba, duk a banza. Baba Direba ne ya gano dabarar. Ya ɗora yaron a cinyarsa a gaban keke, ya cire zare da allura, ya ba shi murfin tukunya ya riƙe a matsayin sitiyari, ya taka keken yana ƙugi da baki.

“Direba, mai ya ƙare! A sha mai!”

Mota ta tsaya. Maɓalli ya buɗe baki. Cokali ya shiga, mota ta tashi. Tun daga ranar, sau biyar a yini ake dakatar da ɗinki a shagon, ko da amarya ce ke jiran kayanta, ana jin tsoho yana kiran tashoshin da ya daina zuwa shekara goma sha biyar. Mai aski ya ce ya san ƙarfe nawa ba tare da ya dubi agogo ba.

Kuskuren Gwaggo na gaba shi ne awo. Da safe ta auna damtse, da azahar ta auna, bayan ya ci ta sake aunawa ko ƙwan ya isa wurin. In ta ga bai motsa ba sai ta rufe shago ta nufi asibiti. A zuwa na huɗu cikin mako guda nas ta ƙwace tef ɗin ta rataye shi a ƙusa.

“Yaro ba ƙullin burodi ba ne. Ranar awo ki zo ki karɓa.”

Kwana ashirin Gwaggo tana auna manyan mutane da igiya da taƙi, kuma ta ce ba wanda ya dawo da ƙorafi sai mutum ɗaya, shi ma dama kafaɗarsa ba daidai take ba.

Awon farko ya ƙaru kaɗan. A wata na biyu gudawa ta dawo, kwana huɗu, ta kwashe duk abin da aka tara har da ƙari. Suka yini biyu a asibiti ana ba shi ruwan gishiri da sukari cokali-cokali. Keke bai yi ƙara ba a kwanakin nan. Gwaggo ta zauna a bakin gado tana riƙe da ƙafar yaron, babban yatsanta a kan jan zaren, ba ta yi wa kowa tsiya ba, har nas ta ce shirun nata ya fi surutun ban tsoro.

Ran da aka sallame su suka tarar da kaza a shago. Baba Direba ya sayar da tsohon madubin motar da ya ajiye don tunawa, ya sayo ta. Ya ce ƙwai ɗaya ya yi wa ƙaramin direba kaɗan. Kazar ta zagaya ɗakin, ta raina kwalin da aka tanadar mata, ta haye kwandon ƙyallaye ta zauna, kuma har yau a nan take yin ƙwai. Duk mai son ƙyalle sai ya nemi izininta.

Wata na uku ya ƙaru. Na huɗu ya ƙaru sosai. Yaron da ba ya rigima ya fara rigima. Ya watsar da gwangwanin maɓallai, ya ja wutsiyar kaza, ya koyi cewa a'a, ya ciji mai gyaran rediyo a gwiwa. Gwaggo ta bi lungu tana ba da labarin cizon kamar ya ci jarrabawa.

Wata Talata da hantsi, wata na biyar, tana guga sai ya wuce ta gabanta a guje yana bin kaza. Ta ga wani abu ya gilma tsakanin bakin wando da takalmi. Ta ajiye dutsen guga. Ta kamo shi, ta tsayar da shi a tebur. Idon sawu ne, a waje, duka biyun.

Ba ta yarda ba. Ta ce Auta ce ta wanke wandon da ruwan zafi ya tsuke. Ta tuɓe shi, ta shimfiɗa, ta auna daga ƙugu zuwa ƙafa, ta sake aunawa. Tsawonsa na nan yadda ta yanka shi. Sai ta kurma ihun da ya sa kaza ta bi ta taga.

Mai aski ya fito da aska a hannu, wanda ake wa askin na biye da shi, rabin kai fes rabi da kumfa. Mai gyaran rediyo ya fito yana tambayar ina wutar ta kama. Baba Direba ya miƙe da sauri, bencin ya tashi da wata mata da ke ɗaya gefen.

“Ya yi masa kaɗan!” Gwaggo ke faɗi, tana kaɗa wandon sama kamar tuta. “Jama'a, wandona ya yi kaɗan!”

Ta nemi reza ta rasa. Mai aski ya ɓare sabuwa ya miƙa mata. Ita da ta shekara talatin tana zura zare a allura ba tabarau, yau zare ɗaya ya gagare ta. Ta kai rezar sau uku tana janyewa. Baba ya ce a ba shi, ta ce mutumin da bai iya fere fensir ba ba zai taɓa mata ɗinki ba. Aka tura aka kira Auta daga masana'anta, ta zo a guje da kumfar sabulu a hannu, ta ɗauka wani abu ne ya faru. Ita ta tsinke jan zaren, tana dariya hawaye na zuba, uwarta na tsaye a kanta tana cewa a hankali, kada ki yanka mini yadi. Shi kuwa mai wandon yana tsaye a tebur tsirara yana cin ƙwan da Baba ya ɓare don kansa.

Haka suka ɗunguma zuwa asibiti, har da mai rabin aski. Nas ta zagaya tef: kore. Ta ɗiga alamar tsawo, ta nuna musu cewa layin ya ɗago amma har yanzu yana ƙasa da na tsaransa. Ta ce nauyi kan dawo da wuri, tsawo kuwa ba lallai ya cike duk abin da ya rasa ba, kuma kada a kuskura a ajiye ƙaramin kwanon nan.

“Ko ya tsaya daidai kakansa na gode Allah,” in ji Gwaggo. “Amma ina sa ran ya fi haka, don wannan ba tsawo ba ne.”

“Ina jin ki,” in ji Baba.

Yau Maɓalli yana da shekara huɗu. An tsinke rawaya, an tsinke kore, wandon ya zama tsumman goge keke. Wandon sikelin asibiti kuma sabo ne, bi uku, ɗinkin Gwaggo. A tef ɗinta akwai ɗigon jan fenti a gefen ƙananan lambobi, inda nas ta nuna mata, kuma duk ƙaramin yaron da aka kawo awon riga sai ta zagaya damtsensa kafin ta taɓa yadi. In wata shida suka wuce ba a dawo da wando an tsinke ba, takan yafa mayafi ta bi gida. Wasu iyayen suna jin haushi, har biyu sun canja tela da gaske. Wasu kuma ta raka su asibiti da ƙafarta. Ba duka ne labarinsu ya ƙare kamar na angonta ba, kuma ba ta ɓoye mini wannan ba. 'Yar rigar mai fure tana nan a akwati, ba ta taɓa zarenta ba.

A rana ta uku, ina shirin tashi daga bencin da na riga na koyi zama a kansa, na tambaye ta, cikin duk abin da ta ɗinka a shekara talatin da ɗaya, wanne ta fi alfahari da shi.

Ta nuna wani ɗan koren wando a igiyar shanya, kamar sabo fil, ninkinsa uku duk a warware.

“Wancan. Bara na ɗinka masa, ko koɗewa bai yi ba ya yi masa kaɗan. Asarar yadi ce tsantsa.” Ta taka keke. “Allah Ya ƙara mini irinta.”